Injin Niƙan Wan Mijina

Daga wajen Gummi aka kai ni aure wani ƙauye a ƙasar Anka, ba nisa da Dareta. Mijina kafinta ne, mutum mai sanyin hali, wanda ko taka shi ka yi shi zai fara ba ka haƙuri. Gida ɗaya muke da wansa, zana ce kawai ta raba sashenmu da nasu. Yaya nake ce masa, kamar yadda mijina ke ce masa. Shi ke da injin niƙa a ƙofar gida, ƙarƙashin wata rumfar kwano, kuma duk dawa da geron unguwar can ake kai su.

Mu Kirista ba mu da yawa a garin, gidaje ne 'yan kaɗan. Ran Lahadi sai mu hau babura mu tafi Anka sujada, mu dawo bayan azahar. Sauran mutanen gari Musulmi ne manoma, kuma lafiya lau muke zaune da su. Akwai wata tsohuwa da bayan ɗakinta ke jingine da namu, Inna nake ce mata. Ita ta yanke cibiyar 'ya'yana duka biyun, ita ta dafa mini ruwan wankan jego.

Ɗiyata ce babba. Ta fara surutu ke nan, irin surutun da ba ya ƙarewa. Takan sami gwangwanin madara ta riƙa bugawa da kara tana rera waƙoƙin coci, rabi daidai rabi nata na kanta, awakin Inna suna kallonta. Ƙanenta kuwa yana goye a bayana.

Sai aka ce an ga zinari a dajin da ke bayan gonaki. Kafin kaka ta zagayo maza sun ajiye fartanya sun ɗauki diga. Baƙi suka cika gari daga ko'ina, da buhunan duwatsu a bayan babura. Ana daka dutsen a turmi cikin gidaje, ana niƙa shi a inji, ana wanke garinsa a tafki. Yaya bai yi wata-wata ba, ya raba wa injinsa aiki: dutse da safe, hatsi da yamma. Wata ƙura mai laushi kamar hoda takan sauka a kan komai, kan murfin randa, kan shanyar kuɓewa, kan gashin yara. Mukan kakkaɓe mu ci gaba da harkarmu. Wa ya taɓa jin ƙasa ta kashe mutum tun yana tafiya a kanta?

Yara suka fara faɗuwa. Amai, zazzaɓi, daga nan sai jijjiga, idanu su juye, kafin a yi wani abu rai ya fita. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska ce. Sai da ma'aikatan lafiya suka zo suka ɗebi jinin yara da ƙasar tsakar gidaje, sannan aka gaya mana sunan abin: gubar dalma ce, a cikin dutsen take. Mai gari ya tara maza a ƙofar gidansa ya hana niƙan dutse a cikin gari. Yaya ne ya fara miƙewa ya ce ya ji ya bi. Ya sa aka wanke injinsa da ruwa da omo a gaban jama'a, kowa ya yaba masa. A cikin makon kuma ya sa matarsa da 'ya'yansa a mota ya tura su Gummi, wai surukarsa ba ta da lafiya.

Lokacin nawa 'ya'yan lafiyarsu ƙalau. Aka zo aka kankare ƙasar gidanmu aka zuba sabuwa. Na ɗauka mun tsira, har na tashi a coci na ba da shaida ina kuka don murna. Yaya kuwa ya daina bin mu Anka, ya ce bayansa ba ya son jijjigar babur. Ni da hannuna nake dama masa kunu in ajiye kafin mu tafi. Ran Litinin kuma in kai dawarmu injinsa, in tuƙa tuwo, in ba 'ya'yana.

Wata rana da hantsi ɗiyata tana zaune a gindin turmi da loma a hannunta, sai na ga lomar ta faɗi. Na ce mata ta ɗauka kafin kaji su rigaye ta. Na juya na dube ta. Jikinta ya sandare, haƙoranta suka cije. Ubanta ya jefar da zarto, muka hau babur, ina rungume da ita a tsakiya, ƙanenta a bayana. Ina ta kiran sunan Yesu a kunnenta. Mun hango rufin gidajen Anka ke nan na ji ta yi nauyi, irin nauyin da uwa ba ta bukatar a fassara mata.

A asibiti suka duba ƙanen, suka ce shi ma jininsa cike yake da gubar, suka kwantar da mu. Wata ma'aikaciya ta tambaye ni, "An gyara gidanku, to daga ina yaran nan suke ƙara samunta?" Na ce ban sani ba. Da gaske ban sani ba.

Inna ce ta gaya mini, ranar da muka koma gida ta shigo yi mini gaisuwa. Ta zauna a bakin tabarma ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Ɗiyata, wata magana ta tsaya min a wuya. Ashe ba da saninku ba na?"

"Mi ne ne, Inna?"

"Duk ran Lahadi in kun tahi, injin ga shina ta kuka har rana ta take. Kuma ba kukan dawa ba na. Ni tsohuwa ta, na san kukan dawa, na san kukan dutse. Na ɗauka kun sani kuka yi shiru don ɗan'uwanku na. Da na san ba ku sani ba, wallahi da na hwaɗi."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na sami Yaya a rumfar injin yana shan rake. Ban durƙusa ba, ban gaishe shi ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan.

"Yaya, mi na yi maka?"

Ya dube ni ya tofar da ɓawon rake. "Ke, lahiyarki?"

"Ka kwashe naka ka kai Gummi, ka bar nawa suna cin dutse a cikin tuwo. Ka sani. Ba don ka sani ba, mi ya sa ka tura naka?"

Ya ce, "Ina goge injin da tsumma in na ƙare. Yarinya kwananta ne ya ƙare, haka Allah ya so. Ki shiga gida, mutane na kallonki."

Na ce, "Su kalla. Allahn da ka ambata shi zai bi mini hakkina, kuma ina roƙonsa ya bar ni da rai in gani da idona."

Mijina ya zo ya kama hannuna yana ba ni haƙuri, yana ba wansa haƙuri, kamar mu biyun laifinmu ɗaya. Ya yi kuka a ɗaki, na ji shi, amma bai iya buɗe baki ya ce wa wansa kanzil ba. Ya ce Yaya ne ya rene shi bayan rasuwar ubansu. Na daɗe ban dafa masa abin kirki ba saboda wannan.

Ɗana ya rayu. Sai dai gubar ta riga ta taɓa shi. Ya makara wajen tafiya, ya makara wajen magana, kuma ko da ya fara, kalma ɗaya sai ya yi ta nemanta kamar wanda ya jefa guga a rijiya mai zurfi. A makaranta yara suka wuce shi, ƙannensu ma suka zo suka wuce shi. Duk ranar da ya dawo yana kuka an yi masa dariya, sai in ƙara wa Yaya a kan abin da nake bin sa a gaban Allah.

Addu'ata ta zama guda ɗaya. Sauran mata suna roƙon lafiya da albarkar gona, ni ina roƙon Allah ya karya shi. Nakan ce, Ubangiji, ka rushe ramin zinari a kansa. Ka sa hannun da ya zuba dutsen ya shanye. Kada ka ba shi mutuwar farat ɗaya, ka sa ya ɗanɗana. Ina faɗa a durƙushe, da zuciya ɗaya, kuma ban taɓa shakkar ana ji na ba.

Amma sai na ga kamar addu'ar tawa taki ce ake zuba masa. Ya sayi ramuka a wajen Bukkuyum, ya ɗauki ma'aikata, ya gina gidan siminti a Gummi mai ƙofar ƙarfe, ya yi ƙiba har wuyansa ya ninku. Mu kuwa da zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, muka tattara muka koma Gummi, muka kama ɗaki a gidan haya. Coci ɗaya muke zuwa da Yaya, don babu wani. Nan na tarar har an naɗa shi dattijon ikilisiya. Shi ke zama a gaba, shi ke riƙe tiren jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba mana don tunawa da mutuwar Yesu. In ya zo layinmu sai in naɗe hannuwana a cikin mayafi. Na yi shekaru ban ci jibi ba, don ba zan karɓa daga wannan hannun ba.

In fasto yana wa'azi ya ce Almasihu ya zo domin fansa, kowa ya ce amin, ni ma in ce amin da ƙarfi. Su fansar da ake yi wa mai zunubi suke nufi. Ni wadda ake ɗauka a kan azzalumi nake jira.

Abin ya fashe ne ranar godiyar kaka. An jera dammunan gero da buhunan masara da kaji a gaban bagadi, inda fasto ke tsayawa, mata sun sha anko, ana ta kiɗa. Sai aka kira Yaya gaba don a gode masa, shi ya sake wa coci rufi. Ya fito da babbar riga yana murmushi, ana tafi. Ban shirya ba, Allah ya sani. Na dai ga kaina a tsaye, riƙe da hannun ɗana, muna tafiya a tsakiyar layi. Masu kiɗa suka tsaya.

Na ce, "Jama'a, kafin ku gama tafi ku dubi yaron nan. Ku ce ya faɗi sunan ubansa ku ga tsawon lokacin da zai ɗauka. Yana da yaya mace, tana kwance a ƙasar Anka. Mutumin nan da kuke gode wa, ran Lahadi irin ta yau, muna sujada shi yana niƙa guba a injin da muke niƙa abincinmu, bayan ya kwashe nasa 'ya'yan. Kwanon da ke kanku da wannan aka saye shi. Ni dai gara ruwa ya dake ni."

Na ja ɗana muka fita. Ban ji ko tari ba a bayana. Daga ranar, a waje nake zama, gindin wata darbejiya kusa da taga, ina jin wa'azi daga nan, rani da damina. Wasu mata suka daina gaishe ni, suka ce na tozarta dattijo. Wasu kuma sukan fito da kujerunsu su zauna kusa da ni.

Fasto ya zo gida bayan kwana biyu. Mutumin kudancin Kaduna ne, tsoho, ba ya gaggawar magana. Na shirya masa amsa, don na ɗauka zai ce in je in ba da haƙuri. Sai ya ce, "Mama, na je wurinsa na tambaye shi. Ya musa. Amma na dubi idonsa, kuma na sauke shi daga riƙon jibi."

Na ce, "Wannan ba ya isa, Fasto."

"Na sani. Ba ni ne alƙali ba, ke ma ba ke ba ce. Wanda ya ga abin da aka yi a rumfar nan bai manta ba, kuma yana da shirinsa a kanki, da yaron nan, da shi mutumin."

"To ya yi sauri."

Ya yi ɗan murmushi. "Ki gaya masa haka, ba zai yi fushi ba. Sai dai ki shirya, don yadda zai yi ba lalle ya zama yadda kika tsara masa ba."

Ban fahimce shi ba sai daga baya.

Ciwon ya fara wa Yaya da ciwon ciki da mantuwa. Sannan hannuwansa suka saki daga wuyan hannu, ko kofi ba ya iya riƙewa. Ƙafafu suka kumbura, aka ce ƙoda ce. Ƙurar da ya shaƙa shekara da shekaru a rumfarsa ba ta bar shi ba, ta dai yi masa jinkiri ne. Abokan haƙarsa suka raba ramukan a tsakaninsu tun yana numfashi. Ranar da mijina ya dawo ya gaya mini an sallamo Yaya daga asibiti an ce a kai shi gida, na shiga ɗaki na durƙusa na yi godiya. Washegari na yi wanka, na ɗaura zanena mafi kyau, na sa turare, na tafi in ga abin da na roƙa.

Na gani. Mutumin da wuyansa ke ninkewa ya koma kamar kara a kan katifa, ɗakin yana wari, matarsa tana kore masa ƙuda. Hannuwan suna ajiye a gefensa kamar ba nasa ba. Na tsaya a kansa na ƙare masa kallo, kuma ba zan ɓoye ba, zuciyata ta yi sanyi kamar na sha ruwan randa.

Fasto yana wurin da dattawa biyu, ashe Yaya ne ya aika a kira su. Da Yaya ya gan ni sai ya fara kuka.

"Ku ji, ku shaida," in ji shi. "Abin da ta hwaɗi a coci gaskiya na. Na sani sarai. An gaya muna yana kisa, na tura nawa, na ci gaba. Na ga yarinyar tana wasa a bakin rumhwa, na kau da kai. Ni na kashe ta." Ya juyo da idonsa wurina. "Ki yahe min."

Shekaru ina jiran in ji wannan daga bakinsa. Na ce, "Yanzu da ba ka da hannun riƙe komai ka tuna? Ni ba ni da abin da zan ba ka. Na miƙa ka ga Allah tun ran da kake shan rake. Ku ƙare da shi."

Sai fasto ya durƙusa a gefen katifar, ya tambaye shi ko ya tuba da gaske, ko ya dogara ga jinin Yesu. Ya ce i. Fasto ya ce masa to akwai gafara, har ga irinsa. Ya gutsura gurasa ya sa masa a baki, ya ɗaga kansa ya ba shi ƙoƙon.

Nan ne jinina ya tafasa fiye da ranar da Inna ta ba ni labari. Na fita ban yi sallama ba. Ban nufi gida ba, na bi hanyar gulbi, na zauna a kan yashi da tsakar rana, na buɗe baki na yi faɗa da Allah kamar yadda ake yi da mutum. Na ce, wato haka za ka yi mini? Ka karya shi a gabana, sannan ka buɗe masa ƙofa? Inda ɗiyata take, can shi ma zai je? Ya zauna kusa da ita? Na ce ban yarda ba. Na yi ta faɗa har muryata ta dushe, masu wanki suna leƙena daga nesa.

Ba a amsa mini da murya ba. Amma da na gaji na yi shiru, sai wani tunani ya zauna mini wanda ban iya ture shi ba. In da gaske ɗiyata tana hannun Yesu, to ba ta tsoron kowa a can, babu mai iya sa mata komai a abinci. Kuma mutumin da zai shiga wurin ba mai babbar rigar nan ba ne, wanda ya ce haka Allah ya so. Wancan Allah ya riga ya niƙe shi, na gani da idona. Abin da ya rage a kan katifar wani ne da ya faɗi gaskiya yana kuka. Allah bai ɗauki abin da aka yi mini da wasa ba, bai kuma nemi shawarata a kan wanda zai cece ba. Duka biyun suka tsaya mini a maƙogwaro, ban iya haɗiye su ba, ban iya tofar da su ba.

Bai daɗe ba ya mutu. Na je jana'iza, na tsaya a baya, ban yi kuka ba, ban kuma yi waƙa ba. Mutane suna tambayata ko na yafe masa kafin ya cika. Nakan ce su tambayi wani abin. Har yau akwai safiyar da nake tashi da fushin nan ɗanye, in ce Ubangiji, ga shi kuma ya dawo, riƙe mini, ni na gaji da ɗauka. Wata rana ya karɓa har yamma, wata rana kafin azahar na ƙwace abina.

Da damina ta wuce ɗana ya ce yana so a yi masa baftisma. Dattawa suka yi jinkiri, suna ganin ba zai iya amsa tambayoyin ba. Fasto ya ce a bar shi. Muka taru a bakin gulbi da safe, ruwan ya ja baya amma akwai wuri mai zurfi har ƙugu. Ya shiga, saurayi dogo, ya fi ubansa tsawo. Fasto ya tambaye shi wa ya cece shi.

Ya buɗe baki, maganar ta maƙale. Wata mata a bayana ta fara raɗa masa amsar, na juya na harare ta ta yi shiru. Ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta tashi, muna ta jira, ruwa na wucewa ta gefensa. Can sai ya ce, "Yesu." Ya numfasa, ya ƙara da abin da ba wanda ya koya masa: "Ni da yayata."

Fasto ya nitsar da shi ya ɗago shi. Ya fito yana tari yana dariya, ruwa na zuba daga hancinsa. Ubansa ya ruga cikin gulbin da takalmansa ya rungume shi. Ni kuwa na tsaya riƙe da tawul, na manta ban miƙa ba, sai da yaron ya zo da kansa ya zare shi daga hannuna ya ce, "Mama, sanyi."